Sunan da Aka Bari a Ƙarƙashin Gada

"Tashi ka bar min gida!"

Jug ɗin zoɓon da ke hannun Ihsan ya kusa suɓucewa. Tana tsaye ne a bayan labulen falon Babanta, ta ci kwalliya tun azahar, ta fesa turaren nan da take ɓoyewa a ƙasan akwati, don yau ce ranar da Abdurra'uf zai zo gaida Baba karo na farko. Ko minti biyu bai yi da sallama ba!

"Baba, don Allah ka..."

"Ni ba ubanka ba ne! Fita na ce!"

Ita dai ta ga komai ta gefen labule, amma ba ta ga abin faɗa ba. Abdurra'uf ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa, ya miƙa hannu bibbiyu. Baba ya karɓa da fara'arsa, har haƙoransa a waje. Daga nan sai duk su biyun suka daskare, kowa na kallon hannunsa kamar ya dafa murfin tukunya mai zafi.

Abin ke nan. Babu zagi, babu rashin kunya, ko gaisuwar ma ba a gama ba.

Abdurra'uf ya fita takalmi a hannu, bai ko waiwayo ba.

Baban nata, Malam Lawal, kafinta ne, kuma shi ne ladanin masallacin layinsu a Bekaji shekara ashirin cur. Mutumin da ko akuyar maƙwabta ta shigo tana lasar masa gam ba ya ɗaga mata murya, sai dai ya lallaɓa ta kamar baƙuwa. Yau ga shi tsaye a tsakiyar falo ƙirjinsa na sama da ƙasa.

Ihsan ta ajiye jug ɗin, ta durƙusa.

"Baba, me ya yi maka?"

"Yaron nan ɗan Gada ne."

Gaskiya ne, kuma ta daɗe da sani. 'Yan Gada wata tsohuwar daba ce da ke taruwa a ƙarƙashin gadar Jimeta, tun kafin a fara jin sunan 'yan Shila a gari. Abdurra'uf ya yi shekara shida a cikinsu, yanzu shekara huɗu ke nan da ya kama sana'ar walda. Shi da bakinsa ya faɗa mata tun haɗuwarsu ta uku. Ita kuma ba ta faɗa wa kowa ba, ko Dada mahaifiyarta.

"Baba... wa ya faɗa maka?"

Ya dubi hannunsa na dama, ya goge shi a jikin rigarsa sau biyu, ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

*

Washegari da hantsi ta tari keke zuwa Yolde Pate, inda shagon waldar yake. Duk tsawon hanyar nan tambaya ɗaya take juyawa. Babu tabo a fuskar Abdurra'uf, babu zane a hannunsa, ko gashin nan nasa ya aske tas. To ta ina Baba ya gani?

A Sangere, can tsallaken gadar Jimeta, suka fara haɗuwa tana aji uku a jami'a, ranar da ya zo gyara ƙofar gidan hayarsu. Ta kawo masa ruwa, ya yi godiya da Fulatanci, "useko", kansa a ƙasa, ya kuma manta gudumarsa a wurin. Sau uku yana manta gudumar nan kafin ta gane ba mantuwa ba ce.

Tana sauka daga keken ta ga wasu ƙarti biyu suna fitowa daga shagon, ɗaya na cusa wani abu mai tsawo cikin hannun riga.

"Sai mun dawo, Barkono!" in ji ɗayan, yana dariya.

Abdurra'uf bai amsa ba, bai kuma hana ba. Da ya gan ta sai ya sauke gilashin waldar daga goshinsa a hankali.

"Hasken idona... bai kamata ki zo nan ba."

"Su waye waɗancan, Hamma Ra'uf?"

"Kin san su waye."

"Ka ce min ka bar su!"

"Na bar su, wallahi na bar su. Su ne ba su bar ni ba."

"Ni fa ban gane ba! Kaina zai fashe! Jiya Baba ya kore ka ban san dalili ba, yau kuma na zo na tarar ana kiran ka Barkono. Wai da wa nake soyayya ne?"

Ya jawo mata benci, shi kuma ya zauna a kan tsohuwar taya, bayansa jingine da bango, fuskarsa na kallon ƙofa. Haka yake zama kullum, ko a gidan abinci ne. Ta taɓa tsokanarsa da hakan, ya yi dariya kawai.

"Ki saurare ni da kyau," ya ce. "Ranar da ka shiga Gada, suna ake raɗa maka. Sunanka na gida kuma a can kake barin sa, a wurinsu. In kana son fita, dole wanda ya raɗa maka suna, ko wani babba da ya girme shi, ya zo ƙarƙashin gada da rana tsaka, ya riƙe hannunka a gaban kowa, ya kira sunanka na yanka sau uku, ka amsa. Daga ranar ba mai sake kiran ka da na daba, ba mai tako maka shago. In ba a yi haka ba, ko limamin Juma'a ka zama, nasu ne kai."

"To a yi maka mana!"

"Wa zai yi? Wanda ya raɗa min ya mutu a gidan yari. Manyan da suka girme shi duk sun ƙare, wanda ya rage kuma tsoho ɗaya ne, shi ma a ƙarƙashin wani yake, ba shi da iko. Shi ya sa in sun kawo wuƙa a wasa musu nake wasawa. Ina jin kunyar Allah, ina wasawa."

Hawaye suka cika mata ido. Tausayinsa take ji, haushinsa take ji, ta rasa wanne za ta fara.

"Baba fa? Ta yaya ya gane ka?"



"Laifina ne. Tsoro ne ya kama ni da na gan shi, hannuna ya yi abin da ya saba ba da sanina ba. Muna da gaisuwarmu." Ya kama hannunsa na hagu da na dama ya nuna mata. "Ka danna babban yatsa sau biyu a nan, kan jijiya. Wanda ba ɗan gida ba, ba zai ma ji komai ba."

"Sai me?"

"Ihsan..."

"Sai me, Hamma Ra'uf?!"

"Sai ya amsa. Ya danna sau ɗaya, ya juya hannuna ƙasa, nasa a sama. Wannan amsar ban taɓa ganin ta ba, labarinta kawai muke ji. Ta manyan farko ce, waɗanda suka kafa wurin."

Dariya ta yi, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Baba? Babana ladan? Ka yi hauka ne?"

"Da ma haukan na yi, da ya fi min sauƙi."

Ta miƙe ta ja mayafinta, ta fita ba sallama.

*

Ta tarar da Dada a tsakar gida tana tsinkar yakuwa. Baraka sunanta, amma kowa a layin Dada yake ce mata. Mace ce mai kunya ta ƙin ƙari. Tun da Ihsan ta yi wayo ba ta taɓa jin sunan Baba a bakinta ba, sai dai "Malam". Ko wani yaro ne a unguwa ya ci sunan, "mai sunan Malam" take ce masa, ko da kuwa ma'aikatan ƙidaya ne suka zo da takarda sai ta kira Ihsan ta faɗa musu.

"Dada, me ya sa Baba bai taɓa zuwa wurina a makaranta ba?"

Hannun Dada ya tsaya.

"Yau kuma? Maganar da ta wuce?"

"Shekara huɗu ina Sangere. Na yi taifot na kwanta sati biyu, ke kika zo. Ranar bikin gama karatunmu iyayen kowa sun zo, shi ya ce ciwon kai. Me ya sa ba ya haye gada, Dada?"

"Ke Ihsan, ki kiyaye ni."

"Me ya sa ba ya zama ya ba ƙofa baya? Ko a masallaci an idar da salla sai ya koma jikin bango. Duk na ɗauka tsufa ne!"

Dada ta ture tiren gefe. Ta leƙa ƙofar gida, ta dawo ta zauna, ta kama bakin zaninta tana murzawa.

"Gyaɗa nake sayarwa a bakin gada lokacin," ta ce a hankali. "Shekarata sha shida. Duk wanda zai wuce wurin sai ya rage murya in an ce Kunama na nan."

"Kunama?"

"Haka suke ce masa. Shi ya tara su, shi da abokansa biyu. Gaisuwar tasu, da dokar raɗa suna, da ta mayarwa, duk daga kansa suka fito. Yana ɗan shekara sha bakwai, wai shi mai wayo."

Mutumin da ya koya wa Ihsan Fatiha, wanda yake cire mata ƙaya a kifi har ta girma!

"Ya aka yi ya bari?"

"Faɗa ya tayar da wasu 'yan unguwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A ciki aka soki Manasseh, amininsa da suke cin abinci kwano ɗaya. A cinyarsa ya cika. Tun ranar ya juya wa wurin baya, ya tafi Gombi ya koyi kafinta, ya dawo da gemu da dogon carbi. Da ya zo neman aurena babu wanda ya gane shi sai ni."

"Kuma kika aure shi?"

"Na aure shi. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya." Ta share ido. "Amma ki sani, shekara talatin da uku ke nan, har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi hannunsa ƙugu yake fara tafiya. Sai ya tuna, ya yi istigfari."

"To shi wa ya mayar masa da sunansa?"

Dada ta girgiza kai.

"Wa zai mayar? Doka ta ce sai wanda ya girme ka. Shi kuwa babu kowa a samansa."

*

Da la'asar sakaliya ta same shi a rumfar aikinsa da ke bayan gida, yana yanka katako. Ta tsaya tana kallon sa kamar yau ta fara ganin sa. Hular nan ce dai, gemun nan ne, rigar nan mai dogon hannu da ba ya rabuwa da ita ko ana zafin Yola mai soya ƙwai.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa."

"Dada ta faɗa min."

Zarton ya tsaya. Bai juyo ba.

"Duka?"

"Duka."

Ya ajiye zarton, ya zauna a kan benci, bayansa na jikin bango. Ta ga ya lura da hakan da kansa, ya yi ɗan murmushi mai ciwo.

"To yanzu kin san dalilina."

"Ban sani ba, Baba! Wallahi ban sani ba! Kai ma ka yi, ka tuba, Dada ta aure ka, mun samu uba na gari. Me ya sa shi ba za a ba shi irin wannan damar ba?"

"Don na san abin da uwarki ta sha!" Muryarsa ta tashi, sannan ta faɗi. "Kina ganin na fita ne? Shekara ashirin ina kiran salla. Jiya yaro ya danna min jijiya sau biyu, hannuna ya amsa tun kafin zuciyata ta ce a'uzubillahi. To wane ne ni, Ihsan? Ladan ne ya yi mafarkin daba, ko Kunama ne ya ari rigar ladan? Ni kaina ban sani ba. Shi ne zan ɗauki 'yata in ba irina?"

"Amma kai kaɗai ne za ka iya sakin sa."

Ya ɗago da sauri.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a. Ko da wasa bai roƙa ba."

"Kin san abin da kike nema? In na taka ƙarƙashin gadar can da rana tsaka na ce ni ne wane, kafin magariba duk Bekaji ta ji. Mutanen da nake shugabantar taronsu a kan yaran daba, da wane ido zan kalle su? Wa zai sake yarda in riƙe lasifikar masallaci? Ƙannenki a makaranta, 'ya'yan Kunama za a riƙa ce musu!"

Ihsan ta zo ne da faɗa a shirye, sai ga shi faɗan ya zube. Tana son Abdurra'uf har cikin ɓargonta. Amma wannan tsohon da ke gabanta, shekara talatin da uku ya yi yana gina mutuncinsa kamar yadda yake haɗa kujera, ƙusa bayan ƙusa.

Ta durƙusa a cikin garin katako, ta fashe da kuka.

"Na haƙura, Baba. Na haƙura da shi. Ba zan tona maka asiri don aure ba."



*

Kwana tara gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Ihsan ta tura wa Abdurra'uf saƙo ɗaya: "Ka yafe min." Ya mayar mata: "Babanki ya fi ni gaskiya, zuciyata. Ki yi masa biyayya." Wannan amsar ta fi zagi ciwo. Da ya yi fushi ma da ta samu abin riƙewa.

Abinci sai Dada ta tsaya a kanta. In Baba ya kira salla sai ta kasa kunne tana neman Kunama a cikin muryar, ba ta ji komai sai muryar Babanta. Wani lokaci ta ji ta tsane shi, can kuma ta ji kamar ta je ta rungume ƙafarsa. A rana ta takwas labari ya iso cewa Abdurra'uf ya sa injin waldarsa a kasuwa, zai bar garin.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya tsaya a ƙofar ɗakinta, sanye da farar rigarsa ta Juma'a.

"Ɗauko mayafinki. Ki kira yaron nan ki ce ya same mu a bakin gada."

"Baba..."

"Ki kira shi kafin in canza ra'ayi."

Suna fitowa suka tarar da Dada a zaure, ta riga su saka hijabi.

"Ina kuma za ki?" in ji Baba.

"Inda za ka, Malam. A can na tsince ka."

A cikin keke Baba na jan carbi da sauri har yana tsallake ƙwaya. Da suka sauka, ya tsaya a bakin gangaren da ke sauka zuwa ƙarƙashin gadar, ƙafarsa ta ƙi gaba. Ihsan ta ga gumi na bin gemunsa. Abdurra'uf ya iso da gudu-gudu, ya durƙusa.

"Baba, kada ka yi. Wallahi na yafe, tafiya zan yi."

"Tashi. Ba don kai kaɗai ba ne."

Suka gangara. Wurin na warin hayaƙi da ruwan kogi. Maza kusan ashirin ne zaune a kan duwatsu da tsofaffin tayoyi, gefe kuma masu wankin keke da mata masu sayar da kifi. Wani ƙato mai jan ido ya miƙe. Shi ne Bobboyi, shugabansu na yanzu.

"A'a, Barkono! Wa'azi ka kawo mana?"

Aka kwashe da dariya.

Baba ya matsa ya miƙa masa hannu. Bobboyi ya karɓa da raini, yana ƙyafta wa yaransa ido. Sai Ihsan ta ga dariyar ta bushe a fuskarsa, ta ga hannunsa ya juya ƙasa, na Baba a sama.

"Kai... wane ne kai, tsoho?"

Kafin Baba ya amsa, wani dattijo da ke kwance a kan kwali ya yunƙura ya tashi. Kansa fari fat, haƙoransa saura kaɗan, rigarsa duk ta yage. Ya matso yana ɗingishi, ya leƙa fuskar Baba ta ƙarƙashin hula.

"Yesu!" ya ce. "Kunama? Na you be dis? Kai ne?"

"Ni ne, Apollos."

"Shekara talatin! Mun ce ka mutu! Ka bar ni a nan ni kaɗai, Manasseh ya tafi, kai ma ka tafi..." Ya juya ga samarin yana kuka yana nuna Baba. "Ku tashi, marasa kunya! Wannan shi ne mai wurin! Shi ya raɗa min suna!"

Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe. Masu wankin keke suka bar wanki. Ihsan ta hango wani maƙwabcinsu direban keke ya saki baki, waya a kunne. Shi ke nan, magana ta tafi Bekaji tun kafin su koma.

Baba ya kama hannun Abdurra'uf, riƙo na kowa da kowa, ya ɗaga shi sama.

"Abdurra'uf!"

"Na'am." Da ƙyar ta fito.

"Abdurra'uf!"

"Na'am, Baba."

"Abdurra'uf!"

"Na'am!"

"Na mayar masa da sunansa. Barkono ya mutu yau. Akwai mai magana?"

Bobboyi ya sunkuyar da kai. "Babu, Babba."

Baba bai tsaya nan ba. Ya juya ya kama hannun tsohon nan, ya kira "Apollos" sau uku, tsohon na amsawa yana shessheƙa kamar ƙaramin yaro.

"Ka yafe min," in ji Baba. "Tun tuni ya kamata in zo. Kuma duk wanda yake son nasa a cikinku, rumfata na Bekaji, bayan masallaci. Ya zo ya kira ni, zan tako."

Ihsan ta ga biyu ko uku sun kalli juna.

Apollos ya share majina da bakin riga. "To kai fa, Kunama? Wa zai mayar maka da naka?"

Baba ya duba dama ya duba hagu, ya yi ɗan murmushi.

"Ni babu. Haka na tsara dokar da wautata. Mu tafi, Ihsan."

Ya juya, kafaɗunsa a zube. Ihsan ta ji kamar zuciyarta za ta tsage. Ya saki kowa, shi kaɗai zai koma gida da sunan da ya zo da shi, ga kuma mutuncin ya bar shi a nan.

"Tsaya."

Dada ce. Ta ratso tsakiyar maza da hijabinta, matar da ko mai sayar da ruwa ba ta haɗa ido da shi. Ta kama hannun mijinta a gaban jama'a.

"Baraka, me kike yi?"

"Ai ni na riga su sanin ka. Ranar da ka fara sayen gyaɗata ba ka da wani Kunama, da bakinka ka faɗa min sunanka. Shekara talatin da uku ina ajiye da shi ban taɓa taɓa shi ba."

Ihsan ta toshe bakinta da mayafi.

"Lawal."

Sunan ya fito mata baƙo, kamar takalmin da ba a taɓa sakawa ba. Baba ya tsaya yana kallon ta.

"Lawal."

Leɓensa na rawa, amma babu abin da ya fito.

"Lawal!"

Hawaye suka gangaro suka shige gemu.

"Na'am," ya ce. "Na'am, Baraka. Na'am."

Apollos ya ɗaga sandarsa. "Ya yi! Ni shaida ne, ya yi! Duk wanda ya sake cewa Kunama sai na fasa masa kai!"

Dada kuwa tuni kunya ta dawo mata, ta ja hijabi ta rufe fuska ta ɓuya a bayan 'yarta. Ihsan tana kuka tana dariya, ta rasa wanne ne nata.

Da suka hauro titi, Baba ya tsaya ya dubi agogo. Saura kaɗan azahar.

"Baba, za su bar ka ka kira kuwa?" Ihsan ta tambaya a tsorace.

"Ban sani ba. Zan dai je in tsaya. In sun hana, in bi sahu." Ya juya ga Abdurra'uf. "Kai kuma kada ka sayar da injin nan, da me za ka ciyar min da 'ya? Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Abdurra'uf ya zube ƙasa, ya miƙa hannu bibbiyu. Baba ya karɓa.

Ihsan ba fuskokinsu take kallo ba, hannuwan take kallo. Ta ga babban yatsan Baba ya ɗaga, ya yi rawa a saman jijiyar saurayin kamar zai sauka. Sai Baba ya kawo hannunsa na hagu ya dafe shi.

"A hankali," ya ce wa Abdurra'uf, murya ƙasa-ƙasa. "Ni da kai, sai mun koyi gaisawa daga farko."